Motocin tseren Formula 1 (F1) na 2026: inji ne zai ci kofi ko mai zane?

Admin: Salamu alaikum jama'a. To an gama gwajin sababbin motoci na Barcelona da aka yi a rufe daga 26 zuwa 30 ga Janairun 2026, yanzu saura na Bahrain guda biyu, 11 zuwa 13 ga Fabrairu sai kuma 18 zuwa 20, daga nan sai Melbon ranar 8 ga Maris a fara abin da gaske. Kowa ya faɗi abin da ya gani da abin da yake tsammani, amma don Allah ban da zagin direba ko tim ɗin wani, mun sha fama da wannan bara.

Sabon Shiga: Wa alaikumus salam. Ni dai yayyena ku taimaka min tukuna, bara na fara kallo kuma ina ta jin ana cewa an canza komai an canza komai, wai har DRS an cire. To me ya rage a motar kenan? Kuma da me za a riƙa wuce mutum?

Injiniya: Ƙanena tambayarka ta yi kyau. Bari in fara da inji don shi ne tushen maganar. Injin fetur ɗin yana nan yadda ka san shi, silinda shida, lita 1.6, da turbo. Abin da aka cire shi ne MGU-H, wato na'urar nan da ke manne da turbo tana tatsar wuta daga hayaƙin salansa. Shi kuma MGU-K, wanda ke tara wuta idan an taka birki ya mayar wa taya, an ɗaga shi daga kilowat 120 zuwa 350, kusan ninki uku kenan, sannan aka rage ƙarfin ɓangaren fetur ya dawo wajen kilowat 400. Ka ga kusan rabi da rabi. Man ma an canza, dole ya zama wanda ba daga ɗanyen man ƙasa aka tace shi ba. Jikin motar kuma an rage, faɗinta daga mita 2 ya koma 1.9, tazarar tayar gaba da ta baya daga mita 3.6 ta koma 3.4, nauyi mafi ƙaranci kilo 768, tayoyi sun ɗan sirance, ƙasan motar ya fi zama shimfiɗaɗɗe ba irin masu rami na 2022 ba.

Injiniya: Maganar DRS kuwa, wato buɗe fiffiken baya da mai bin wata mota ke yi don ya ƙara gudu ya wuce, eh ya tafi, tun 2011 ake amfani da shi. Yanzu fiffiken gaba da na baya duka biyun suna buɗewa a miƙaƙƙiyar hanya su rufe idan an zo kwana, kuma kowa ke da wannan damar, na gaba da na baya, ba sai kana bin wani ba. Abin da aka ba mai bi shi ne idan yana cikin daƙiƙa ɗaya da na gabansa zai samu ƙarin wutar batir da zai matsa ya wuce.

Sabon Shiga: Na gode Yaya Injiniya, yanzu na fara ganewa.

Ɗan Ferrari: Ni fa bana zuciyata ta kwanta wlh. Vasseur shugaban Ferrari da bakinsa ya ce tun ƙarshen Afrilun bara suka daina taɓa fasalin iskar SF-25, motarmu ta bara, suka koma kan ta bana, shi ya sa muka ƙare na huɗu ba mu ci tsere ko ɗaya ba, Hamilton bai hau mumbarin ukun farko ba duk shekara in ban da gajeren tseren nan na China da ya ci. Mun biya kuɗin wahalar, to bana lokacin girbi ne. Ta bana, SF-26, ta fito da wuri, ta yi ta zagaye a Barcelona ba wani ciwon kai, har injiniyan da ke magana da Hamilton a rediyo an canza masa, Adami ya koma wani aikin.

Anti Mai McLaren: Ɗan Ferrari Allah ya cika maka burinka amma kai ma ka san Alpine ma haka suka yi, sun watsar da 2025 tun da wuri suka ƙare na ƙarshe, Williams ma sun ce duk hankalinsu na kan 2026 kuma ga shi ko Barcelona ba su je ba mota ba ta gama haɗuwa ba. Fara aiki da wuri ba shi ne gama shi daidai ba.

Ɗan Ferrari: Anti ai Ferrari ba Alpine ba ce. Mu muke ƙera injinmu da motarmu a gida ɗaya a Maranello, ku kuwa sai abin da Mercedes ta miƙo muku.

Anti Mai McLaren: Da injin da aka miƙo mana ɗin muka ɗauki kofin masu ƙera mota 2024 da 2025 muka doke ita kanta Mercedes ɗin, Norris ya ɗauki na direbobi. Ku tun 2008 rabon ku da na masu ƙera mota, na direba tun Raikkonen 2007. Ba gori nake maka ba, ina so in nuna maka cewa wannan hujjar ta tsufa, doka yanzu ta tilasta a ba kwastoma inji iri ɗaya da na mai gida.

Baba Tsohon Hannu: Ƴata a nan zan ɗan saɓa miki. Gaskiya ne inji iri ɗaya ne, amma hakan ya fi amfani lokacin da doka ta tsufa kowa ya san injin ciki da bai. A shekarar farko mai gida yana da abin da kwastoma ba shi da shi, ya san girman injin da inda zai yi zafi da girman lagireton da yake buƙata tun ana zane a takarda, ya san yadda kwamfutar ke raba wuta. Mu da muka kalli 2014 mun ga wannan, McLaren da Williams da Force India duk injin Mercedes ne a bayansu amma Mercedes ita kaɗai ta cinye tsere 16 cikin 19, sauran ukun Ricciardo ne ya ɗauka da Red Bull, kwastoma ko ɗaya bai ci ba. Daga nan kuma suka jera kofi takwas har 2021. Ni abin da nake tsoro kenan bana, kada tarihi ya maimaita kansa mu zauna muna kallon mota biyu suna tafiyarsu.

Na Verstappen: Baba abin da ke bakina kenan ka faɗa. Kuma ga maganar matsin injin nan da ake ta yi, wai Mercedes sun samo wata dabara. Injiniya don Allah warware mana, ni na karanta sau nawa ban gane ba.

Injiniya: Abin ba shi da wuya. Ka san fistan idan ya hau sama yana matse iska da mai a cikin silinda kafin wuta ta kama, iya matsewar iya ƙarfin da za ka samu daga ɗigon mai ɗaya. A da doka ta yarda da 18 bisa 1, bana aka sauke zuwa 16 bisa 1, musamman don sababbin shiga su samu sauƙi. To amma awon da FIA, hukumar da ke tsara dokokin tseren, ke yi a farkon 2026, tana yin sa ne inji na sanyi a gareji. Ƙarfe kuwa idan ya ɗau zafi yana buɗewa. Rahotannin da suka fito sun ce Mercedes, wasu sun haɗa da Red Bull, sun tsara kayan cikin injin yadda a sanyi zai nuna 16 daidai, idan ya yi zafi a kan hanya matsin ya haura. Ferrari da Honda da Audi su ne aka ce sun kai ƙorafi. Mercedes kuma sun tsaya a kan cewa injinsu halal ne bisa abin da ke rubuce.

Ɗan Ferrari: Wannan ai maguɗi ne ƙarara, doka ta ce mota ta kasance bisa ƙa'ida a kowane lokaci ba a gareji kawai ba.

Baba Tsohon Hannu: Ɗana kar ka yi saurin cewa maguɗi. Wasan nan tun asali haka yake, ana rubuta doka injiniyoyi su zauna su nemi inda ba ta rufe ba. 2009 Brawn sun zo da wani fasali mai hawa biyu a ƙarshen ƙasan motar, aka yi ta ƙara har kotun FIA ta ce halal ne, Button ya ci shida cikin tsere bakwai na farko, kafin sauran su kwaikwaya kofi ya riga ya yi nisa. Bambancin kawai shi ne fiffike ko ƙasan mota ana iya kwaikwaya cikin wata biyu uku, inji kuwa da zarar an miƙa shi an rufe ba ka sake shi yadda ka ga dama. Shi ya sa hayaniyar ta yi yawa.

Mai Son Alonso: Duk kun manta da mutum ɗaya. Adrian Newey, mai zanen motoci. Duk sanda aka canza dokar fasalin mota wa ke fara gano bakin zaren? 1998 da aka tsuke motoci McLaren ɗinsa ce ta ɗauki kofi da Hakkinen, 2022 da aka dawo da ramukan ƙasa kowa motarsa na ta tsalle a hanya kamar za ta zubar da haƙoran direba, Mercedes sun zo da motar nan mara ƙugu suka sha wuya, tasa ta Red Bull ce ta fi zama lafiya, 2023 Red Bull ta ci 21 cikin 22. Yanzu yana Aston Martin tun Maris ɗin bara, a farkon 2026 ma aka ba shi shugabancin tim ɗin gaba ɗaya, ga sabuwar masana'anta a Silverstone da sabon ɗakin gwajin iska nasu na kansu, ga Honda ta zama tasu su kaɗai, ga Aramco na haɗa musu mai. Alonso shekara 44, rabonsa da cin tsere tun Sifaniya 2013, wallahi ina ji a jikina nasararsa ta 33 ɗin nan tana zuwa.

Anti Mai McLaren: Amma sun makara a Barcelona fa, sai ƙarshen makon motarsu AMR26 ta fito ta ɗan taɓa.

Mai Son Alonso: Haka Newey yake Anti, yana riƙe zane har minti na ƙarshe. Kuma kowa ya ga hotunan, yadda ya ɗaura ƙafafun motar daban yake da na kowa.

Injiniya: Ni ma ina girmama Newey, babu mai musun basirarsa, amma ku bar ni in yi muku wani ɗan lissafi don shi ne dalilin da ya sa nake ganin bana ba shekarar mai zane ba ce tukuna. Batirin motar nan abin da aka yarda ya riƙe na amfani a lokaci guda megajul 4 ne. Idan ka saki kilowat 350 gaba ɗaya, raba ka gani, daƙiƙa 11 da ɗoriya batir ya ƙare. Daƙiƙa 11 fa. A hanya irin Monza ko Jidda inda ake daɗewa ƙafa na kan totur kuma wuraren taka birki kaɗan ne, ina za ka samo wutar da za ka sake cikawa? Da MGU-H ne ke cike wannan giɓin don shi muddin hayaƙi na fita yana tara wuta, yanzu babu shi. To dole direba ya ɗaga ƙafa tun kafin ya iso kwana, ko ya sauke giya fiye da yadda ya saba don inji ya yi ta juyi yana caji, ko kwamfuta ta riƙa satar ƙarfin injin fetur tana zuba wa batir alhali ƙafarsa na ƙasa. Kuma da batir ya ƙare kusan rabin ƙarfin motar ya tafi, ko Newey ya zana maka fiffiken da ya fi na kowa wanda ke da sauran wuta zai wuce ka kana kallo. Fiffike masu buɗewar nan ma ai don wannan aka kawo su, don a rage turjiyar iska kar wuta ta ƙare a tsakiyar miƙaƙƙiyar hanya. Wato injin aka fara yankewa, sannan aka zana motar ta dace da shi.

Na Verstappen: To wannan tsere ne ko lissafin caji? Ni abin da ke damuna kenan gsky. Ina son in ga mutum ya shiga kwana da iya ƙarfin zuciyarsa ya yi birki a makare, ba wai yana kallon sitiyari yana tattalin batir ba. Verstappen tun 2023 yake faɗin cewa abin da ya gani a na'urar kwaikwayo bai yi masa ba, aka ce don Red Bull na tsoron injinsu ne.

Baba Tsohon Hannu: Ɗana tattali bai taɓa barin wasan nan ba. Shekarun 1980 lokacin turbo na farko mai ake tattali, ana ba ka iya litar da za ka sha, mun ga motoci sun tsaya a zagayen ƙarshe tanki ya bushe, Prost da wannan ya yi suna don ya iya lallaɓa mota. Zamanin tayoyin Pirelli kuma taya ake tattali. Yanzu an koma batir. Direban kirki zai koya, kuma ina ganin irin su Verstappen da Alonso da ke iya tuƙi suna tunanin wani abu daban a lokaci guda su za su fi cin riba. Abin da ni ban so ba shi ne bambancin gudu, wani na caji wani na sakin wuta a wuri ɗaya, na baya ya taho da gudu ya tarar da na gaba kamar a tsaye. Wannan FIA ta sa ido a kai.

Hajiya Mai Williams: Ni ku bar ni da abin da ke damuna, rashin zuwanmu Barcelona ya ɓata min rai ba kaɗan ba. Bara mun yi na biyar, Sainz ya hau mumbari sau biyu, Baku da Qatar, shugabanmu Vowles shekara biyu yana ce mana ku yi haƙuri 2026 ce tamu, sai ga shi ranar farko babu mota. Na san akwai kwana shida a Bahrain kuma injin Mercedes wasu sun gwada mana shi, amma kwana uku da kowa ya samu yana koyon wannan rabon wutar da Injiniya ke bayani mu muna gida.

Injiniya: Hajiya abin da ya rage muku zafi shi ne wanda kika faɗa, motoci takwas ne ke ɗauke da injin Mercedes bana, su da McLaren da ku da Alpine tunda Renault ta rufe aikin injinta na F1. Ferrari na da shida, su da Haas da Cadillac. Red Bull da Ford huɗu. Honda biyu, Audi biyu. Duk zagayen da motar Mercedes ko McLaren ta yi, abin da aka koya game da injin zai iso gare ku. Ku kwatanta da Honda, idan Aston Martin ba ta fita ba to babu wanda ke gwada musu komai. Wannan ne ma ya sa nake jin tsoro wa Mai Son Alonso, Honda sun sanar da ficewa a 2020, sai 2023 suka dawo da maganar Aston Martin, a tsakanin nan aikin sabon injin bai tafi yadda na sauran ya tafi ba.

Mai Son Alonso: Kar ka tuna min 2015 don Allah, McLaren da Honda, har yau ina jin zafin shekarun nan uku da aka ɓata wa Alonso. Amma Hondar da ta ba Verstappen kofi huɗu a jere ai ba ta 2015 ba ce, sun koyi darasi.

Na Verstappen: Mu namu ma ai abin a jinjina ne. Kamfanin lemo, Red Bull, ya ƙera injin F1 da kansa a Milton Keynes, Ford na taimakawa, kuma ya fita Barcelona ya yi ta zagaye. Shugaban tim Horner ya tafi tun Yulin bara, mai ba da shawara Marko ya tafi ƙarshen shekara, Newey ya tafi, amma Mekies ya karɓi shugabancin muka dawo daga nisa har Verstappen ya rasa kofi da maki biyu kacal. Ni addu'ata Hadjar, sabon abokin tuƙin Verstappen, ya tsira a kujera ta biyun nan, don ta cinye Gasly da Albon da Perez da Lawson da Tsunoda. Ko da yake tunda mota sabuwa ce ga kowa, wataƙila shi ya fi su sa'a, ba zai tarar da motar da aka shekara ana gyara ta bisa hannun mutum ɗaya ba.

Sabon Shiga: Su kuma Cadillac da Audi fa, akwai abin da za su iya bana?

Baba Tsohon Hannu: Audi ba daga sifili suka fara ba, Sauber suka saya, ana haɗa motar a Hinwil ta Siwizalan injin kuma a Neuburg ta Jamus, Binotto na jagorantar aikin, Hulkenberg da Bortoleto ke tuƙi, kuma su da kansu 2030 suka sa wa ransu na neman kofi. Cadillac su ne sababbi fil, tim ta 11, rabon da a ga sabuwa tun Haas 2016. Sun yi hankali da suka ɗauki Bottas da Perez, ɗaya ya ci tsere 10 ɗaya 6, ba yara za su ba motar da ba a san halinta ba, kuma injin Ferrari za su yi amfani da shi kafin General Motors ta gama nata. Idan suna gama tsere ba a zagaye su sau biyu ba, sun yi ƙoƙari. Kuma ka lura, da motoci 22 yanzu shida ake zubarwa a zagayen farko na neman gurbin tashi, shida a na biyu.

Ɗan Ferrari: Duk kun gama bayaninku amma ba wanda ya ce komai kan lokacin da aka yi a Barcelona, Ferrari na sama sama fa.

Injiniya: Don ba abin dogaro ba ne ɗan'uwa. Sanyin Janairu ne, wani da tanki cike wani da kwata, wani ya buɗe inji wani ya danne shi da gangan, kilo 10 na mai kaɗai yana cin wajen kashi uku cikin goma na daƙiƙa a zagaye. Kuma motar da ka gani a bikin ƙaddamarwa ma sau da yawa ba ita za ta je Melbon ba. Idan an je Bahrain ga abin da za ka duba: wa ya yi zagaye 50 da wani abu a jere ba tare da ya shiga gareji ba, lokacinsa na faɗuwa ko yana tsaye, sannan a kyamarar cikin mota ka kalli lambar gudu a ƙarshen miƙaƙƙiyar hanyar farko, wa gudunsa ke raguwa tun kafin ya taka birki kuma daga ina yake fara raguwa. Sai kuma gwajin tashi daga tsaye, don babu MGU-H da zai juya turbo kafin fitila ta mutu, dole direba ya daɗe yana ba inji wuta, wanda bai daidaita ba za a bar shi a layi.

Anti Mai McLaren: Wannan na tashin ban taɓa tunaninsa ba. Kenan ana iya cin gurbin farko ranar Asabar a rasa shi kafin kwanar farko.

Injiniya: Sosai ma Anti, musamman tseren farko farko.

Mai Son Alonso: Ni dai ina nan kan bakana, inji zai yi magana a farkon shekara na yarda, amma shekarar tseren doguwa ce, kuma doka ta ba wanda injinsa ya baro baya damar ƙarin gyara. Idan injuna suka matso kusa da juna zane ne zai raba, a nan za ku neme ni.

Ɗan Ferrari: Admin don Allah ranar 11 a buɗe sabon zare daban na Bahrain, wannan ya yi tsawo. Injiniya kai za ka riƙa duba mana lambar gudun nan, ni zan ɗauki lissafin zagayen kowace tim.

Hajiya Mai Williams: Ku sa ni a ciki, ni motarmu FW48 kawai nake jira in ga ta fito daga gareji da safe.